Inda na kai da 'yan tsakina: me ke sa su ci, me ke sa su bari

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon kiwon kaji. 'Yan tsakin da nake reno yanzu sun fita daga makon farko, gashin fiffike ya fara tsirowa, don haka ga inda na kai a aikin da kuma karatun da nake yi a gefe. Wannan karon iri biyu na haɗa a ɗaki ɗaya, na gitta katako a tsakani: buroila a gefe guda, Noiler (irin da ake kiwo don nama da ƙwai) a ɗaya gefen. Abincinsu ɗaya, ruwansu ɗaya, kurfotin gawayi ɗaya ke ɗumama su. Amma cinsu ba ɗaya ba ne. Wannan bambancin ne ya sa na shiga neman sanin abin da ke gudana a kan ɗan tsako lokacin da ya nufi kwanon abinci, da lokacin da ya juya masa baya.

Bari in fara da ranar da suka iso. Kamar yawancin 'yan tsakin da ke shigowa Arewa, nawa ma daga Ibadan aka ɗauko su, hamsin-hamsin a kwali, tafiyar dare. Kun san maganar da ake yawan yi mana: ai ɗan tsako da guzurinsa yake fitowa, ba ya buƙatar komai sai bayan kwana uku. Akwai gaskiya a ciki. Dab da ƙyanƙyashewa, wajen kwana na 19 zuwa 20 a cikin ƙwai, yakan janye ragowar gwaiduwa zuwa cikinsa, ita ce kuma ke riƙe da ransa a hanya. Sai dai riƙe rai daban, fara girma daban. Hanjinsa ba ya soma bunƙasa sosai sai abinci ya shiga, kuma masu bincike sun ga cewa ɗan tsakon da ya ci da wuri ya fi saurin shanye gwaiduwar tasa a kan wanda aka bari da yunwa. Ku ƙara da cewa ba lokaci ɗaya suke fasa ƙwai ba. Tsakanin na farko da na ƙarshe a injin ƙyanƙyasa ana iya samun tazarar yini guda ko fiye, wanda ya riga fitowa ya daɗe yana jira tun kafin a sa shi a kwali.

Saboda haka tun daren jajibiri na hura gawayi, domin ba iska kaɗai ba, ƙasan ɗakin ma ya ɗau ɗumi, na kuma bar 'yar kafa a sama don hayaƙi ya sami hanyar fita. Na shimfiɗa tsofaffin jaridu a kan ƙaiƙayin shinkafa na barbaɗa abinci a kai. Amfanin takarda shi ne ƙara: ɗaya na fara tsattsaga, ƙwas-ƙwas ɗin bakinsa sai ya jawo na kusa da shi. Ruwa kuwa mai ɗan ɗumi na zuba, na tsoma wa waɗanda suka yi laushi baki a ciki.

Abin da na fi so kowannenmu ya iya shi ne taɓa jakar abincin da ke gindin wuya. Ka ɗauki ɗan tsako a tafin hannu, ka sa babban yatsa da manuni a gindin wuyansa, ta ɓangaren damansa, ka ɗan matsa a hankali. Idan ya ci ya sha, za ka ji ɗan ƙullutu mai laushi kamar kunu mai kauri a ƙullin leda. Idan ya ci bai sha ba, wurin zai yi tauri, har ka riƙa jin ƙwayoyin abincin ɗaya-ɗaya. Idan ruwa kaɗai ya sha, za ka ji shi tsululu babu ƙwaya. Idan kuwa fata kawai ka ji ta manne, to wannan bai fara komai ba. Kamfanin Aviagen, masu buroila irin Ross, sun ce bayan awa 24 da zuba su a ɗaki ya kamata fiye da kashi 95 cikin 100 su kasance da jaka cike, bayan awa 48 kuwa dukansu. Ni kan haɗa da ɗora ƙafafunsa a kumatuna. In na ji su da sanyi, ƙasan ɗakin bai yi ɗumi ba, komai abin da ma'aunin zafi ke nunawa a bango.

To ga tambayar da ta tsaya mini. Akwai 'yan kaɗan da na taras jakarsu wayam, alhali abinci na ƙarƙashin ƙafarsu, kuma sun kwana a hanya ba su ci komai ba. Yunwa ba za a ce babu ita ba. Me ya hana su?

A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki da ake kira haifotalamus. Shi ke lura da zafin jiki da ƙishirwa da yunwa, a jikin mutum da na kaza baki ɗaya. Ƙwayoyin jijiyar da ke wurin suna aika wa juna saƙo ta wasu ƙananan sinadarai da ake kira feftaid, wato gajerun sarƙoƙi na amino asid, irin tubalan da ake gina furotin da su. Wasu cikinsu kiran ci suke yi, wasu kuwa hana ci. Babban mai kiran ci shi ne NPY, mai amino asid 36, wanda Kazuhiko Tatemoto da Viktor Mutt suka fara warewa daga ƙwaƙwalwar alade a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin a 1982. A 1987 Wayne Kuenzel da abokan aikinsa a Amurka suka sa shi a ƙwaƙwalwar 'yan tsaki, sai ga su sun duƙufa kan abinci da ƙarfi. Idan aka bar ɗan tsako da yunwa, ƙwaƙwalwarsa kan ƙara sarrafa NPY, tare da abokin tafiyarsa AgRP.

Yadda ake gwajin ma abin sani ne. Ƙashin kan ɗan tsako bai gama tauri ba, don haka ba sai an yi masa tiyata ba. Akwai wani ɗan mazubi da aka ƙera daidai kansa, da 'yar huda a inda allura za ta bi. Ana ɗura ɗigon ruwa ƙanƙane, da sinadarin a ciki haɗe da shuɗin rini, kai tsaye cikin kogon ruwan ƙwaƙwalwa, a mayar da shi kejinsa, a riƙa auna abin da ya rage a kwano bayan minti 30, da awa ɗaya, da awa biyu. Rinin shi ke tabbatar musu daga baya cewa allurar ta kai inda aka nufa. Mitsuhiro Furuse na Jami'ar Kyushu da Tetsuya Tachibana na Jami'ar Ehime, dukansu a Japan, da Mark Cline na Virginia Tech a Amurka, sun gwada feftaid iri-iri ta wannan hanya. Aikin ɗakin bincike ne, ba na akurki ba, kada wani ya yi tunanin akwai allurar sa cin abinci da zai nema a kasuwa.

Abin da ya fi jan hankalina a sakamakonsu shi ne masu hana ci sun fi masu kiran ci yawa nesa ba kusa ba. Akwai alfa-MSH, wanda ake yankowa daga wani dogon furotin mai suna POMC. Shi da AgRP wuri ɗaya suke nema su zauna a jikin ƙwayar jijiya, idan alfa-MSH ya zauna ci ya tsaya, idan AgRP ya riga shi ci ya ci gaba. Akwai CCK, wanda hanji ke saki da zarar abinci mai mai da furotin ya iso, saƙon ya bi jijiya ya hau ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Akwai GLP-1, wanda allurar Ozempic da ake yi wa masu ciwon suga ke kwaikwayo. Ɗan tsakon da aka sa wa shi a ƙwaƙwalwa yakan bar ci ya koma gyangyaɗi. Insulin ma idan ya kai ƙwaƙwalwar ɗan tsako rage ci yake yi. Duba da haka na fahimci abin da nake gani kullum a ɗakin: su ci na ɗan lokaci, su sha ruwa, su zube a inda suke su yi barci, can kuma su miƙe su koma. Ba rashin lafiya ba ne, haka cinsu yake, kaɗan-kaɗan sau da yawa.

Sai kuma CRF, wanda a ganina shi ne ya fi shafarmu masu kiwo. Shi ne sinadarin firgici da takura, mai amino asid 41, Wylie Vale ne ya gano shi a 1981 daga ƙwaƙwalwar tumaki. Idan dabba ta tsorata, ko sanyi ya kama ta, ko aka takura ta, CRF ne ke tashi ya sa jiki ya shiga shirin ko-ta-kwana. A ɗan tsako ƙanƙanin abu daga cikinsa ya isa ya hana ci, ya kuma ƙara masa kuka da kai-komo.

A nan kuma kaza ta rabu da mu. Girelin, wanda Masayasu Kojima da Kenji Kangawa suka gano a tumbin ɓera a 1999, shi ne ke tashi a jikin mutum lokacin da ciki ya fara ƙugi, ya sa ka nemi abinci. Kaza ma tana da nata, mai amino asid 26, na mutum kuwa 28, kuma daga ƙaramin tumbin da ke gaban ƙundu yake fitowa. Amma da Furuse da mutanensa suka sa girelin a ƙwaƙwalwar 'yan tsaki a 2001, sai ci ya ragu maimakon ya ƙaru. Daga baya aka gano ta hanyar CRF yake bi, domin idan aka toshe CRF ƙarfin girelin na hana ci sai ya ragu. Oreksin, wanda ke sa ɓera ci, bai ƙara wa ɗan tsako ci ba. Leftin kuwa, wanda Jeffrey Friedman ya gano a 1994, kitsen jikin mutum ke sakinsa don ya sanar da ƙwaƙwalwa akwai ajiya. An shafe fiye da shekara ashirin ana neman na kaza, sai a 2016 masu bincike a Isra'ila suka tabbatar da ainihin ƙwayar gadonsa, kuma ba a kitse aka fi samunsa ba. Don haka duk bayanin da kuka ji likita na yi a rediyo game da yunwa da ƙiba a jikin ɗan Adam, kada ku ɗauke shi ɗungurungum ku ɗora wa kaji.

Gwajin da ya fi ba ni amsar tambayata daga jihar Virginia ta Amurka yake. Tun 1957 Paul Siegel ya ɗauki kaji irin White Plymouth Rock ya raba su gida biyu. A gida ɗaya, kowace shekara waɗanda suka fi nauyi a mako na takwas ake bari su haihu. A ɗayan kuwa waɗanda suka fi rashin nauyi. Bayan shekaru hamsin da ɗoriya, bambancin nauyinsu ya wuce ninki goma. Masu nauyin ci suke kamar ba gobe. Marasa nauyin kuwa wasu 'ya'yansu ba sa fara ci ko kaɗan bayan ƙyanƙyashewa, har su mutu ga abinci a gabansu. Cline ya nuna cewa ɗan abu kaɗan na alfa-MSH ya isa ya hana waɗannan ci, su kuwa masu nauyin sai an ƙara yawa. Sannan a 2016 Cline da abokan aikinsa suka fitar da wani sakamako: idan 'yan tsakin gidan marasa nauyi suka sha sanyi da jinkirin abinci a ranarsu ta farko a duniya, ko an sa musu NPY kwanaki bayan haka ba ya sa su ci. Waɗanda ba su sha wannan wuya ba, NPY ya yi musu aiki. Da aka bi sawu, CRF aka sake tararwa a tsakiyar maganar.

Waɗannan kajin gwaji ne da aka kai su maƙura da gangan, ba irin da muke saye ba. Duk da haka ku kwatanta da abin da namu ke sha: ƙyanƙyashewa, jira, kwali, girgizar mota dare guda, in lokacin hunturu ne ga iska mai sanyi ta taga, sannan a sauke su a tasha a yi ta ɗaga kwali ana ajiyewa. Wanda na taras da jaka wayam, a fahimtata, ba rashin yunwa ke damunsa ba, masu hana ci ne suka rinjayi masu kira. Kuma yawancin abin da ke tayar da su a hannunmu yake.

Ga abin da na yi da waɗannan 'yan kaɗan. Ban ware kowa shi kaɗai ba, domin ɗan tsako in ya rasa 'yan'uwansa wani irin kuka yake mai tsini ba ƙaƙƙautawa, wannan ma takura ce. Na haɗa su a kwando kusa da ɗumi, na sa musu biyu daga cikin masu kuzarin ci don su gani su kwaikwaya, na ɗan jiƙa abincin da ruwa ya yi damshi. Kafin wayewar gari yawancinsu jaka ta cika. Na hana yara shiga ɗakin a makon nan, na rage ɗaukarsu a hannu sai don dubawa, na bar fitila kusan dare duka. Zafin da ake so a ƙarƙashin abin ɗumi a makon farko digiri 32 zuwa 35 ne, a riƙa rage kamar digiri 3 kowane mako, amma kunnena na fi amfani da shi. In sun ji daɗi ƙaramin sauti suke yi mai laushi, sun bazu ko'ina. In sanyi ne, su cunkushe wuri ɗaya suna ihu. In zafi ne, su gudu jikin bango baki buɗe. A hali biyun ƙarshe kwano ba ya raguwa. Rigakafin Gumboro da na Lasota ma da sanyin safiya na tsara bayarwa, cikin ruwan sha, ba tare da kore-kore ba. Wanda kuwa ya bar ci ya kuma saki fiffike, ko kashinsa ya canza, wannan maganar likitan dabbobi ce, domin cuta ma na kashe sha'awar ci.

Yanzu da mako ya zagayo, bambancin ɓangarorin biyu ya fito fili. Noiler su ci su tafi tonon ƙaiƙayi, su bi ƙwaro in ya shigo, su ɗare kan katako. Buroila kuwa da yawansu a bakin kwano suke kwanciya, su miƙa wuya su ci daga kwance. Ana sa ran buroila ya ninka nauyinsa na ranar farko sau huɗu ko fiye a mako guda. Masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun reni irin buroila na 1957 da na 1978 da na 2005 da abinci iri ɗaya, a kwana 56 na farko ya kai giram 905, na biyu 1,808, na uku 4,202. Zaɓen iri ne ya kawo haka, kuma wani ɓangare na abin da aka zaɓa, ko da ba a san shi ake zaɓa ba, raunin saƙon ƙoshi ne. Ian Dunn da abokan aikinsa a cibiyar Roslin ta Sikotlan sun nuna a 2013 cewa kaji masu saurin girma suna da ƙarancin makarɓar CCK, wato wurin da CCK ke zama a jikin ƙwaya ya isar da saƙonsa, don haka saƙon hanji na cewa ya isa ba ya isa gare su da ƙarfi. Su ne kuma suka nuna cewa iyayen buroila, waɗanda dole ake auna musu abinci don kada ƙiba ta hana su ƙwai, AgRP na hauhawa sosai a ƙwaƙwalwarsu. Wato yunwarsu ta gaske ce, kuma abin na taɓa mini zuciya.

Shi ya sa ban yarda da ɗabi'ar nan ta neman maganin ƙara wa buroila ci ba. Tsuntsun da aka riga aka raunana masa jin ƙoshi ba ƙarin ci yake buƙata ba bayan makon farko. Abin da ke kama shi ciwon ƙafa ne, da taruwar ruwa a ciki, da mutuwar farat ɗaya, domin nama na gudu ya bar ƙashi da zuciya a baya. Daga wannan mako na fara kashe musu fitila, zan kai su awa huɗu zuwa shida na duhu kowane dare, a lokaci ɗaya kullum don su saba su cika jaka kafin duhu. Na kuma ɗan nisanta mazubin ruwa da kwanon abinci don dole su taka. Noiler ban damu da su ta wannan fuska ba, nasu kulawar ita ce kada buroila su tsallako su cinye musu.

Rukuni na gaba a bazara zai faɗo, lokacin da rana ke wuce digiri 40 a garuruwanmu. Kaza ba ta gumi, haki take yi, kuma narkar da abinci kansa na ƙara mata zafin jiki, shi ya sa take janye baki daga kwano da tsakar rana. Shirina shi ne in ba su mafi yawan abincin da asuba da kuma bayan la'asar sakaliya, in riƙa sauya ruwa daga randa don kada ya ɗau zafi, in rage yawansu a ɗaki. Na sayi ƙaramin sikeli, zan riƙa auna abin da na zuba da abin da ya rage da safe, da azahar, da magariba, buroila daban Noiler daban, in ga a wane lokaci kowanne ke fara janye baki da kuma wanda ke riga dawowa in rana ta yi sanyi. In Allah ya kai mu zan kawo muku abin da sikelin ya nuna.